Raƙumar Alhaji Maidamma

Ku kuna ganin kun iso an riga an gama wahalar sana'ar nan. Mota ta shigo gareji, ku jona mata 'yar na'urar nan mai kama da wayar hannu, ta rubuto muku abin da ke damunta, ku aika a sayo sabo ku ɗaura, sannan ku wanke hannu ku ce kun yi kanikanci. To tunda yau har rana ta yi babu motar da ta leƙo, ku gyara zama in ba ku labarin jif ta farko da ta shigo hannuna a garin Gummi, wadda saura kaɗan ta mayar da ni gona.

Ni a Gusau na koyi aiki, wurin wani Bayarabe da ake kira Oga Lamidi, Allah ya jiƙansa. Shekarar farko ko inji ban taɓa ba. Aikina wanke noti a cikin yankakken galan, da fetur da tsohon buroshin haƙori. Sai da ya ga na daina ɓatar da sifana mai lamba goma, wadda kowane bakanike ya san aljanu na sonta, sannan ya bar ni na kwance kafireta. Shi da kunne yake gyara. Ya ɗora tsinin dogon sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraren wa'azi, can sai ya ce, "Filogi na uku." Ka kwance ka tarar haka ne. A kan masu mota kuwa abu ɗaya ya koya mini. Ya ce, "Labbo, in mutum ya ce maka jiya-jiya ta fara wannan ƙara, ka ƙara masa wata uku." Da ya yaye ni ya ba ni akwatin ƙarfe, da sifanu, da filaya, da guduma, da wani jak wanda sai ka yi addu'a kafin ka shiga ƙarƙashin motar da ya ɗaga.

Da su na dawo gida na kafa gareji a gindin wani maɗaci, wanda aka sare daga baya da za a faɗaɗa hanya. Motocin lokacin ba su da ɓoye-ɓoye. A-kori-kura ce mai kai hatsi da awaki kasuwa, sai tasi-tasi masu zuwa Gusau da Sakkwato. Ka buɗe bonet ka ga komai a fili kamar kayan miya a faifai. Abin da ya karye a yi masa walda, abin da ya tsage a naɗe shi da roba, mai mota ya yi godiya ya tafi.

Kowane gareji yana da 'yan majalisa, mutanen da ba su da mota amma sun fi mai mota sanin mota. Nawa biyu ne. Akwai Sahabi tela, shagonsa na tsallaken titi, ya lulluɓe bangon da kalandun masu sayar da kayan gyara, duk hotunan motoci. Shi kyau kawai ya sani. A wurinsa mota tana da ido, tana da goshi, tana da ƙirji da ƙugu. Sai Malam Ladan, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, mai wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Shi tambayarsa ba ta wuce biyu: me take sha, kuma in ka tashi sayarwa wa zai saya. Da la'asar su haɗu a kan bencina su yi ta musu a kan motocin da ko ƙofarsu ba su taɓa taɓawa ba, ni ina kwance a ƙarƙashin wata ina jin su.

Da mulkin farar hula ya dawo, sai manyan jif suka fara ratsa garin, masu baƙin gilashi, yawanci na 'yan siyasa. Ba sa tsayawa wurina, gyaransu sai Gusau ko Kaduna. Amma in ɗaya ta wuce Sahabi har miƙewa yake yi, kamar ɗan makaranta ya hango hedimasta.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina fama da birkin wata a-kori-kura, sai na ji garejin ya yi tsit. Na leƙo daga ƙasa na ga tayoyi masu faɗi kamar faranti sun tsaya dab da ƙafata. Na fito. Wata baƙar jif ce, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka a jikinta. Wanda ya sauko kuwa Alhaji Maidamma ne na Nasarawar Burkullu, mai fataucin shanu zuwa Kudu, wanda na daɗe ina gyara masa a-kori-kura. Daga Kwatano aka kawo masa ita, direbansa Jabbi ke tuƙi.

Ya ce, "Labbo, ga baƙuwa na kawo maka ku gaisa. Baƙin mai za a canza mata."

Na ce, "Allah ya sa alheri, Alhaji. Jabbi, tada ta in ji muryarta."

Jabbi ya ce, "Ai tana tashe."

Na yi kamar ban ji ba. Na shiga laluben inda ake buɗe bonet, Jabbi yana kallona ya ƙi cewa komai, don mugunta. Da ƙyar na gano. Na ɗaga, ban ga inji ba. Wani baƙin murfin roba ne shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an rufe akushi. Na tsaya riƙe da sukudirebana na rasa inda zan ɗora shi. Don kada a ga na daɗe a tsaye sai na je na jawo jak.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Aje wanga abu naka kada ya kashe mu. Jabbi, tashe ta."

Jabbi ya danna wani maɓalli. Muka ji tsss, sai ga mota tana tashi sama a hankali, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Alhaji ya ce, "Durƙusar da ita." Ta sake yin tsss, ta sauko har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mai rake da ke gefen titi ya bar baronsa ya ruga. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta tana ta a'uziyya.

Da na shiga ƙarƙashi na ga sirrin. Ba ta da sifirin ko ɗaya. A kowace ƙafa wani balan-balan ne na baƙar roba mai kauri, ga ɗan famfon lantarki da ke hura musu iska, ga kuma wata ƙwaƙwalwa a ɓoye da ke ba su umarni. Duk wannan ƙatuwar mota a kan iska take tsaye.

Ina kwance ina tsiyaye mai, majalisa ta buɗe.

Sahabi ya ce, "Dibi ido! Dibi goshi! Ladan, dibi yadda layin ga ya taso tun daga fitila har wutsiya. Ko ni da almakashi ban iya yanka shi haka. Wagga ba mota ba ce, sarauniya ce."

Malam Ladan ya ce, "Alhaji, daga Nasarawa zuwa nan mi ta sha?"

Alhaji ya ce, "Malam, ba a aljihunka ta sha ba."

Ladan ya ce, "Haka ne. Ni dai tayar babur ɗina ma da iska take tsaye, kuma na san yadda muke ƙarewa da ita."

Sahabi ya ce wanda yake tura babur tun daga sakatariya bai kamata ya sa baki a zancen manya ba. Suka kaure. A nan ne Alhaji ya tsuguno kusa da ni ya gaya mini dalilin sayen motar. Shi ne auta a wurin mahaifiyarsa, Inna, kuma ta tsufa. Ga ciwon gwiwa, ga baya, ga hawan jini, likita a Gusau ya ce duk wata yana son ganinta. Hanyar Nasarawa zuwa kwalta kuwa kun san ta. In aka ɗauke ta a a-kori-kura, kafin a isa asibiti ciwon ya ninka. Sauran jif kuma sun yi mata tsawo, ba ta iya hawa. Wannan ce kaɗai ke durƙusawa ta shiga, sannan ta miƙe da ita. Inna ce ma ta raɗa mata suna Raƙuma, sunan ya bi ta har garin Anka.

Daga ranar na zama likitan Raƙuma, kuma na fara sanin abin da ake nufi da riƙon babbar mota. Saye ba shi ne wahala ba. Ita ba ta shan fetur ɗin 'yan bumburutu, wanda ake yi wa haɗi da kananzir. A-kori-kura ta sha ta yi gyatsa ta wuce, ita kuwa in ta sha sai ta kama tari, sai na kwana biyu ina wanke mata hanyoyin mai. Tayarta babu irinta a duk ƙasar Gummi da Bukkuyum. Wata rana a kasuwar shanu wata saniya ta juya kai, ƙahonta ya tsinke madubin gefe. Na ce a kawo in sa na wata mota. Ina kwancewa na ga wayoyi sun fito kamar hanjin kaza. Ashe a cikin madubin akwai ɗan inji mai juya shi, har da abin ɗumama gilashi, wai don narkar da ƙanƙara. Ƙanƙara, a Gummi. Sai da Alhaji ya sayar da maraƙi kafin Raƙuma ta sake ganin bayanta.

Wanda ba na mantawa shi ne aikin bazara. Alhaji ya zo ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce ko na san mai maganin basir na ƙwarai. Wai duk lokacin da ya yi doguwar tafiya sai ya ji zafi na taso masa daga ƙasa, gumi har ya jiƙa wando, alhali na'urar sanyi tana ta aiki. Ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, ya daina cin yaji, ya daina tsire, abin sai gaba yake yi. Na yi masa jaje na kwatanta masa wani Bafulatani. Ranar sai na shiga in gwada birki, na ce Jabbi ya tuƙa ni in zauna a kujerar Alhaji. Ba mu kai bakin gari ba na zabura har kaina ya bugi rufi. Kujerar ce ke gasa mutum. Wani ɗan maɓalli ne a gefe, gwiwar Alhaji ta danna shi tun farkon bazara, irin wanda Turawa ke kunnawa in sanyi ya dame su. Na kashe shi, na cire wayarsa gaba ɗaya. Alhaji ya warke a ranar. Ya roƙe ni kada labarin ya kai majalisa, amma Jabbi yana wurin, saboda haka kafin sallar la'asar Malam Ladan ya iso yana tambayar Alhaji ya jiki.

Duk da haka motar tana yin abin da aka saye ta dominsa. Duk wata za ka ga ta wuce ta nufi Gusau, Inna a baya ta jingina kamar a kan gadonta. Sahabi ya ɗaga mata hannu, ya juyo ya ce wa Ladan, "Sa wa wannan farashi in ka iya." Ladan ya juya ya kama goge babur ɗinsa.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta fara da ƙarfi, ruwa kamar da bakin ƙwarya har hanyoyi suka yanke, sannan ta ɗauke tun gero bai gama ido ba. A tsakiyar ruwan nan ne Jabbi ya ɗauko Inna da Alhaji za su asibiti. A wani mashigin rafi kafin su hau kwalta, wani kututture da ruwa ya rufe ya soki balan-balan na baya. Famfo ya yi ta hura iska yana zuba ta a banza har ya ƙone. Raƙuma ta durƙusa a tsakiyar taɓo, wannan karon ba wanda ya sa ta, kuma ta ƙi tashi. Shanun noma aka ɗaura mata suka jawo ta. Inna kuwa a amalanke aka mayar da ita gida. Washegari tsohuwar a-kori-kurar Alhaji ta jawo mini ita har gareji, cikinta na jan ƙasa, yara na bin ta da ihu.

Ku da kuke cewa gyara sauƙi gare shi, ku ji abin da na yi. Na kwance balan-balan na kai wa mai faci. Ya juya shi, ya shinshina shi, ya manna masa faci kamar na tayar gingimari. Muka ɗaura, muka hura, ta miƙe. Muna cikin cewa alhamdu lillahi sai fau, ta koma. Na sake dabara. Tunda famfonta ya ƙone, na samo bakin hura taya na dasa wa kowace ƙafa, na sake facin da roba ninki biyu, na ba Jabbi famfon keke. Ta yi tafiya kuwa. Sai dai kowane ƙauye sai an tsaya Jabbi ya sauka ya yi ta bugun famfo a gindin jif, mutane sun kewaye shi suna ba shi shawara. Daga Gummi zuwa Daki Takwas aka yi gwajin, Alhaji ya ce in ya sake ganin famfon nan zai karya shi a kaina.

Na naɗe mataccen balan-balan a buhu na hau mota sai Kano, kasuwar 'yan kayan gyara. Suka yi ta miƙa wa juna shi daga shago zuwa shago. Wani ya ce na injin niƙa ne. Wani ya ce in bar shi zai tambayi ɗan'uwansa a Legas. Na dawo na yi ta jira, har aka girbe abin da aka samu na dawa, sannan saƙo ya iso. Na buɗe kwali. Na ƙafar gaba ne, kuma na wata mota daban. Da muka sami wanda ya san ainihin kayan, ya faɗi kuɗin sabbi guda huɗu da famfonsu, Alhaji ya cire hula ya share kai ya mayar. A shekarar makiyaya na ta kai shanu kasuwa don babu ciyawa, farashi ya faɗi warwas. Ƙaramin garke zai tafi kafin Raƙuma ta miƙe, kuma babu wanda zai rantse maka cewa babu wani kututture a gaba.

Ni ma shekarar ta taɓa ni. Fetur ya yi wuya, masu mota suka jingine su, ga babura masu araha sun cika gari. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage kuma in sun hango baƙar jif a durƙushe a ƙofar garejina sai su wuce gaba. Magana ta zagaya tasha cewa Labbo ya kashe motar Alhaji Maidamma. Na koma gyaran injin niƙa da injin ban ruwa na 'yan fadama don a ɗora tukunya a gida. Raƙuma kuwa ta zama ta jama'a. Kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinta. Da sallah mai hoto ya kafa kyamararsa a gabanta, samari na jingina da ita suna riƙe da makullin ɗakinsu. Sahabi kullum da safe sai ya tsallako da ƙyalle ya goge ta tas, yana cewa, "Ko a zaune ta fi su." Ladan shi kuma ya dinga kawo masu saye. Wani ya zagaya ta ya yi tayin da Alhaji ya ce ko kuɗin tayoyin bai kai ba. Wani ya ce shi kujerun kawai yake so, zai sa a falo.

Tun farko ina da shawara, kuma na faɗa. Na ce a cire robobin nan duka a sa mata sifirin na ƙarfe, irin na kowace mota. Akwai wata jif da ta yi haɗari a Gusau, ana sayar da kayanta.

Alhaji ya ce, "In ka sa mata ƙarfe, tana durƙusawa?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Yadda ta tsaya haka za ta tsaya."

Ya ce, "To Inna ta hau ta yaya? A bar maganar."

Sahabi ya goyi bayansa, ya ce wannan daidai yake da a sa wa amarya takalmin soja. Ladan ya ce ko ƙarfe ko roba, a sayar kawai a sayi buhunan gero. Aka bar maganar. Wata ya bi wata, Inna ba ta ga likita ba. An gwada kai ta a a-kori-kura sau ɗaya, tun kafin kwalta ta ce a juya da ita, gara ta mutu a ɗakinta. Maganinta ya ƙare, ƙafa ta kumbura.

Wata safiya sai ga Jabbi a kan babur, ya ce Inna na kirana. Ban taɓa shiga gidan ba. Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta miƙe ƙafar da ta kumbura, carbi a hannu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma idonta tar. Alhaji na zaune a gefe a ƙasa, duk girman nan nasa ya tattare wuri ɗaya. Na tsuguna na gaishe ta.

Ta ce, "Kai na Labbo? Kai ka riƙe man raƙuma?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To hwaɗa man ciwonta. Wanga yaro kullum sai shi ce ana nan ana ƙoƙari."

Na yi mata bayani yadda zan iya, na roba da na ƙarfe. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ƙarfen ga, in anka sa, tana tahiya?"

"Tana tafiya, Inna."

"Tana wujijjiga ni kamar waccan ta awaki?"

"Ba za ta kai nan ba. Laushin zai ragu, amma kujerun suna nan yadda kika san su."

Ta ce, "To mi anka tsaya jira?"

Alhaji ya ce, "Inna, ba ta ƙara durƙusawa. Ba ki iya hawa."

Ta juya ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Auta, ni na ce maka ina son mota ta durƙusa man? Ni da na hau rumbu da tsohon cikinka? Duk randa munka ratsa kasuwa sai ka ce Jabbi shi durƙusar da ita, ni ko ba sauka za ni yi ba. Gaban mahauta ka yi, gaban 'yan goro ka yi, har gaban surukanka ka yi. Don ni take yi, ko don su?"

Jabbi ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Ni kuma na sami wani tsinke a ƙasa ina wasa da shi.

Alhaji ya ce, "Haba Inna, gaban mutane."

Ta ce, "Mutum biyu na, kuma duk sun riga sun sani."

Sai ta ɗaga murya ta ce a kawo mata ƙaramin turmin da ake daka yaji. Aka kawo, ta ce a kife shi. Ta dafa bango ta miƙe, ta dafa kafaɗar Alhaji, ta ɗora ƙafa mai lafiya, ta jawo ɗayar. Sai ga ta tsaye a kan turmi, ta fi ɗanta tsawo. Daga can sama ta dube ni ta ce, "Tahi ka sa mata ƙarfe."

Aikin ya ci ni kwanaki. Sifirin ɗin da na samo ba a yi su don ita ba, sai da na yanka faranti na ƙarfe na yi musu wurin zama, na yi walda, na gwada da igiya da ido, na kwance na sake. Da na sauke ta daga jak ta tsaya da ƙafafunta, amma bayan ya ɗan fi gaba tsawo, kamar akuyar da ke kiwo a gangare. Ƙwaƙwalwarta kuma ta nemi robobinta ta rasa, sai ta kunna wata jar fitila a gaban direba tana ta ƙara ƙit-ƙit. Na bi waya na gano abin ƙarar na cire shi. Fitilar kuwa na manna mata baƙin salatif. Sahabi ya tsallako ya zagaya ta, ya ce na karya mata ƙugu, ya yi mako bai gaishe ni ba. Malam Ladan ya ce, "Yanzu da babu mai saye ko da kyauta, ta zama mota. A riƙe ta."

Tafiyar farko zuwa Gusau da ni aka yi, ina gaba da akwatin kayan aikina a kan cinya, kunnena na ƙasa ina jiran in ji abin da zai ɓalle. Babu abin da ya ɓalle. Mun wuce Anka na waiwaya na ga Inna ta yi barci.

A harabar asibiti Jabbi ya buɗe but ya sauko da turmi ya kife a bakin ƙofa. Mutane suka tsaya kallo. Alhaji, cikin shadda mai aiki har ƙasa, ya juya baya kamar ba tare muke ba. Inna ta taka ta sauko abinta. Kusa da mu wata farar jif ta tsaya, ta fi tamu tsawo, a ciki wani dattijo ne mai farin gemu. 'Ya'yansa manyan mutane sun kewaye ƙofa suna so su ɗauko shi cak, shi kuma ya riƙe kujera yana cewa shi ba buhu ba ne. Inna ta tsaya ta kalle su.

Ta ce, "Auta, kai masu turmi."

Jabbi ya sunkuya zai ɗauka. Ta ce, "Auta na ce."

Alhaji Maidamma ya naɗe hannun riga, ya rungumi turmin yaji, ya ratsa mutane ya kife shi a gindin farar jif. Dattijo ya leƙo ya dube shi, ya taka, ya sauko da ƙafarsa, ya yi ta sa albarka. Babban ɗansa ya riƙe hannun Alhaji ya ce, "Don Allah Alhaji, a ina ake samun irin wannan?" Alhaji ya kaɗe rigarsa, ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Sai an yi oda."

Likita ya yi faɗa sosai a kan watannin da aka tsallake, ya canza magani. Kafin wata ya zagayo kumburin ya saɓe. Inna ta ƙara shekaru masu dama tana zuwa Gusau a motar nan, ni kuma masu a-kori-kura suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi dama bai yarda da maganar 'yan tasha ba.

Amma ranar da muka koma Nasarawa, mun iske uwargidan Alhaji a tsaye a tsakar gida, ta riƙe taɓarya, tun safe take neman turminta, miya ba yaji. Inna ta ce gaskiyarta, ba a haɗa turmi da mota, a saya wa Raƙuma nata. Ranar kasuwa ni da Alhaji muka je layin masassaƙa. Na auna tsayin ƙofar da taƙi, muka yi ta kife turame ina hawa ina sauka, masassaƙi na kallonmu. Muka zaɓi wani na itacen ƙirya, gajere mai faɗin baki. Alhaji ya taya, aka sallama, ya biya da canjin da ke aljihun gabansa. A duk kayan da na taɓa sa wa motar nan, shi kaɗai ne bai dawo gareji ba.